Goggo Ba Ta Soka Allura Sai Ta Tambaya

Ƙarar buta na fara ji. Butar ƙarfen nan tata, wadda ta ƙi yarda a sauya mata da ta roba, ita ce ta faɗi a kan siminti, ta gangara tana ƙwal-ƙwal har bakin rariya. Safiyar Alhamis ce, yara sun tafi makaranta, ni ina kicin ina tace gasara. Na ɗaga murya na ce, "Goggo, lafiya?" Shiru. Goggo kuwa ba a kiranta ta yi shiru, ko salla take sai ta yi gyaran murya. Na fito hannuna duk gasara, na tarar da ita a kan 'yar kujerarta, ta jingina da bango, hannun dama a jiƙe har gwiwa, na hagu bai samu ruwa ba. Alwalar walaha take yi. Muka kai ta asibiti, ba ta ƙara cewa uffan ba. Kafin la'asar Mai ita Ya karɓi abarSa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Yayar mahaifina ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai Ya ba ta ni, ina 'yar shekara huɗu, bayan rasuwar mahaifiyata. Ita ta sa ni boko har na gama sakandare, ita ta yi min ɗaki. Aikin jinya ta yi shekara talatin da ɗoriya, galibi a ƙananan asibitocin karkara, kuma riga-kafin yara shi ne fanninta. Da ta ajiye aiki, maigidana ya ɗauko ta ya kawo ta gidanmu a Jiwa, ya ba ta ɗakin da ke kallon gabas.

Ban san yawan jama'ar Goggo ba sai da muka zauna karɓar gaisuwa. Matan kasuwar Zuba suka zo da kwandunan lemo da kankana har muka rasa wurin ajiyewa. Matan ma'aikata daga cikin gari suka bar motocinsu a bakin titi, don lungunmu ba ya ɗaukar babbar mota, suka tako da ƙafa suna tattare da lesuka. Wani dattijo ya taso tun daga Mararaba, ya naɗe hannun rigarsa a gaban maza, ya nuna tabon lamba a kafaɗarsa ya ce, "Wannan ba nata ba ne, amma na 'ya'yana tara duk aikin hannunta ne." Wata tsohuwa Gbagyi ta sauke doya uku a tsakar gida, ta zauna a ƙasa ta ƙi hawa tabarma, tana cewa da 'yar Hausarta, "Mama ya tafi. Shi ne ya zo gidana sau huɗu kafin na yarda. Sau huɗu, bai yi fushi ba."

Duk wannan na ji, na yi kuka, na gode. Amma ba shi ya sa ni ɗaukar biro ba. Abin da ya sa ni shi ne maganar da na tsinta ranar Juma'a, ina ɗauke da tiren ruwa zan shiga falo. Mata biyu ne a bayan labule, suna magana ƙasa-ƙasa.

Ɗaya ta ce, "Allah Ya jiƙanta dai, amma ta tafi ta bar yarinyar nan cikin rigima. Ita ta hure mata kunne."

Ɗayar ta ce, "Aiki wata huɗu kacal, har ta fara korar mutane daga asibiti. An ce ma an ba ta takarda."

"Taurin kan tsohuwar ta ɗauko, ba ta rage komai ba."

Yarinyar da suke nufi 'yata ce ta fari. Mu kuwa a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta shiga faɗansa. Tun da na yaye ta na miƙa wa Goggo, ko a gida "'yar Goggo" nake ce mata. Don haka na shiga, na ajiye musu ruwa, na ce sannunku da zuwa, na fito.

To ban yarda wannan ya zama labarin da za a riƙe na Goggo ba. Ga nawa, ni da na ci tuwon hannunta.

Goggo ba ta shiga wuri ba sallama. Ɗakina, da ita ta jera min kwanukansa, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama, in ban amsa ba ta koma ta zauna. Yaro ɗan shekara uku in yana wasa a kan tabarma, sai ta ce, "Maigida, a ba ni wuri?" ta jira ya matsa. Mukan yi mata dariya. Takan ce, "Sun ce riga-kafi ya fi magani. Ban ji sun ce ya fi sallama ba."

Faɗa ɗaya na san sun taɓa yi da maigidana, kuma a kan autanmu ne. Yaron ya ƙi cin abinci, uban ya ce masa, "Ka ci ko in kira Goggo ta yi maka allura." Tana jinsa daga ɗaki. Ta fito da carbi a hannu ta ce, "Alhaji, ni ce dodon gidan nan? Shekara talatin ina lallashin 'ya'yan mutane kada su gudu in sun gan ni, kai ka rushe min da loma ɗaya?" Ya ce wasa yake. Ta ce ta ji. Kwana uku yana kawo mata balangun da take so, kwana uku tana mayar masa da shi a naɗe yadda ya zo. A na huɗu ya durƙusa gaban yaro, babban mutum da furfura a gemu, ya ce, "Ƙarya na yi maka, Goggo ba ta allurar horo." Da yammar ta cinye balangun tas, har tana cewa yaji ya yi kaɗan.

Ita ta kai 'yar tata makarantar koyon jinya, ita ta ɗinka mata farar riga ta farko. Ranar da aka ɗauke ta aiki a wani ƙaramin asibitin unguwa, aka kuma ce ɗakin riga-kafi za ta zauna, Goggo ta yi azumin godiya.

Sai dai ba a yi wata guda ba yarinya ta fara dawowa a sanyaye. A unguwannin nan namu na bayan gari, iyaye mata da yawa sammako suke yi, wata Zuba sarin kayan marmari, wata cikin gari sharar ofis. Ranar Talata, ranar riga-kafi, sai a tattara jarirai da katunansu a hannun mace ɗaya ta kai su. A layin bayan masallaci akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Maman Yara, ita ke wannan hidima, kuma don Allah take yi. Ɗaya a goye, ɗaya a kafaɗa, katuna a ɗaure da kyauro cikin leda, ta kai ta dawo ta kwashi wasu. Ma'aikatan sun saba da ita. A karɓi kati, a yi allura, a sa hannu, na gaba.

Wata la'asar Goggo na tsinke zogale a tsakar gida, ni ina bakin kicin, yarinya ta zauna kusa da ita ko takalmi ba ta cire ba.

Ta ce, "Goggo, a makaranta an ce mana ba a yi wa yaro allura sai an yi wa uwa ko uba ko mai riƙonsa bayani, sun yarda. A nan ba mai tambaya, kati kawai ake dubawa. Kuma ni ke sa hannu. In yaro ya kumbura, in ya suma, wa za a kama? Ba oga ba, ba Maman Yara ba. Ni ce. Lasisina ko shekara bai yi ba."

Goggo ba ta ɗago ba. Ta ce, "Sannu, babbar likita. Tun da kika buɗe baki nake saurare. Ni, hannuna, lasisina. Shi yaron fa, ba shi da rabo a cikin tsoron naki?"

"Kai, tsohuwar nan! Ke dai ba a kawo miki kuka ki karɓa."

"Na karɓa mana, ƙawata. Tsoronki mai kyau ne, wurin ajiye shi ne ba ki sani ba. Cire takalmin nan ki ji."

Abin da ta faɗa daga nan, ni da ta raina ban taɓa jin sa ba sai ranar.

Ta ce, "Ina kamar shekarunki aka tura ni wani ƙauye can bayan duwatsu, tun garin nan yana daji. Wata kaka ta kawo min jikanta a ɓoye, uban yana gona, ta ce yi maza kafin ya dawo. Na yi, ina jin kaina gwana. Yaro ya yi ɗan zazzaɓin da akan yi, ya warke. Bayan wata biyu gudawa ta ɗauke shi, abin da bai shafi allurata ba ko kusa. Amma wajen wankan gawa uban ya ga tabo a kafaɗar ɗansa. Ya tambaya, aka faɗa masa. Bai zage ni ba, bai kai ni ƙara ba. Ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin shan magani ya ce, 'Malama, da kin tambaye ni.' Ya juya ya tafi. Daga ranar babu gidan da ya ƙara amsa min sallama a garin. Damina biyu ina zaune da magani yana lalacewa a hannuna. A ta uku ƙyanda ta shigo."

Ta daina tsinkar zogalen. Can ta ce, "Ba zan lissafa miki yaran da ta kwashe ba. Na san sunayensu, ina sa su a addu'a."

Yarinya ta ce a hankali, "To in ƙi yi ke nan?"

"Wa ya ce? In kika ƙi kika naɗe hannu, kin tsira da lasisinki kin bar yaro a bakin ƙyanda. Shi ma cin amana ne, sai dai ba ya kai mutum kotu. Ki tambaya. In babu mai amsa miki a gabanki, ki buga waya. Ku da Allah Ya ba waya ma! In waya ta ƙi, kina da ƙafa."

Haka ta fara. Duk jaririn da Maman Yara ta kawo, sai ta kira uwar, ta faɗa mata wace allura ce, me take karewa, me za ta iya gani bayan an yi, sannan ta ce, "A yi?" Kusan kowa cewa take, "A yi mana, Sista, Allah Ya saka." Amma layi ya daina gudu. Abokan aikinta suka sa mata suna Sista Halo-halo. Ogarsu, wata babbar nas da ita ma ake matsa wa daga sama kada a bar yaro ko ɗaya a baya, ta fara tsaki.

Talatar da ta zo kafin rasuwar Goggo abin ya fashe. Maman Yara ta kawo wani yaro ɗan wata tara, na wasu sababbin 'yan haya, ba shi da ko kati. Wayar uwar a kashe. Uban direba ne, yana ɗaukar kaya daga Zuba zuwa arewa, yana kan hanya. Yarinya ta ce, "Mama, uwar ce ta ce a yi?" Maman Yara ba ta iya ƙarya ba. Ta ce mijin ne ya hana tun a kan babbar 'yarsu, uwar kuma ta miƙo mata yaron ta ce ita ba ta ce a yi ba, ba ta ce kada a yi ba, in an yi ma kada a faɗa mata.

Yarinya ta mayar da allura cikin akwatin sanyi. Ta ce ba za ta yi ba sai ta ji daga bakin ɗayansu.

Maman Yara ta kwance goyo ta ɗaura ɗamara. Ta ce shekara goma tana kawo 'ya'yan mutane ba a taɓa mayar da ita ba, sai yau 'yar cikinta ta tozarta ta a gaban layi. Ta fita tana kuka. Kafin a tashi, oga ta miƙa wa yarinya takardar tuhuma, ta yi bayani a rubuce cikin mako guda kan dalilin da ya sa ta mayar da yaron da lokacin allurarsa ya yi.

Ta dawo gida ta faɗa gadon Goggo. Ina jin ta ta bango tana cewa, "In na yi, laifi; in ban yi ba, laifi. Na bar musu aikin."

Goggo ta bar ta ta yi kukanta ya ishe ta. Sannan ta ce, "Asabar direbobi ke gida. Ki wanke min farin mayafina, za mu je mu yi musu sallama."

Ta wanke mayafin ranar Laraba. Asabar ɗin da suka sa, ita ce ta zama ranar addu'ar uku.

Da safiyar Asabar ɗin na shiga ɗakin Goggo ɗauko tabarmi, na ga takarda a kan sallaya da rubutun yarinya. Ba amsar tuhuma ba ce, takardar barin aiki ce, har ta sa hannu. Na mayar da ita yadda na same ta. Na tsaya ina kallon gadon, ina tunanin wa zan faɗa wa. Shekara ashirin da uku duk abin da ya shafi yarinyar nan, wurin mai ɗakin nan nake kawo shi in ajiye in fita. Yau na kawo, babu mai karɓa.

Bayan an shafa addu'a, falo cike da mata, ɗaya daga cikin matan bayan labulen nan ta matso kusa da ni, da fuskar nasiha. Ta ce, "Hajiya, ki sa a ja wa yarinyar nan kunne. Ta je ta ba ogarta haƙuri, ta riƙa yin abin da ta tarar ana yi. Tsohuwa ta tafi, yanzu ba ta da mai tsaya mata."

Ban san lokacin da na ce, "Tana da shi," ba.

Sai na kama sunanta. Sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa mata shi, na faɗe shi da ƙarfi a gaban surukata da dangin mijina da baƙi. Na ce 'yata ce, ni na haife ta, kuma daidai ta yi. Na ce wadda muka taru dominta ba ta koya mata korar mutane ba, ta koya mata cewa ɗan mutum ba akuya ba ne da za a kama a yi wa lamba mai shi bai sani ba. Na ce duk mai ganin wannan taurin kai ne, ta faɗa min a nan wace ce a cikinmu za ta so ta kwance wa ɗanta riga ta ga tabon da ba ta san da shi ba.

Surukata ta rufe baki da gefen mayafi. Wata daga baya ta ce, "Ikon Allah, yau kara ta ƙare." Na ce kara tana nan, amma ba zan yi kara da gaskiya ba. Yarinya na tsaye a bakin ƙofa da butar shayi, ta kasa shiga ta kasa fita.

Da rana ta yi sanyi na faɗa wa maigidana ina so in raka ta gidan direban gobe. Ya ce, "Kin san gidan?" Na ce zan tambaya. Ya ce, "Allah Ya tsare. Ku ɗebar musu lemon nan kafin ya ruɓe mana."

Lahadi muka fara biyawa ta wurin Maman Yara. Ita ma ta zo mana gaisuwa har sau biyu, duk da fushinta. Yarinya ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Mama, ki yafe min kunyar da kika ji a gaban mutane. Amma ko yau aka maimaita, ba zan yi ba." Maman Yara ta harare ta, ta harare ni. Ta ce, "Wannan shi ne ban haƙurin gidanku?" Ta jawo mayafi tana mita. "Ku taso in kai ku, 'yan gadon taurin kai. Ku kaɗai ba zai saurare ku ba."

Mun sami direban a ƙofar ɗaki a kan benci, yana yanke farce da reza. Mutumin Zariya ne, siriri, idanunsa jajaye irin na mai kwana a hanya. Muka yi sallama, ya amsa, ya yi mana ta'aziyya da ya ji ko su waye mu. Matarsa ta shimfiɗa mana tabarma ta koma bayan labule.

Ya dubi yarinya ya ce, "Ke ce kika mayar min da ɗa?"

Ta ce, "Ni ce, Malam."

"Don me?"

"Don ba ka ce a yi ba, mamarsa ma ba ta ce ba."

Ya ajiye rezar. Ya ce shi da ya ji an kai yaron, ya dawo ne da niyyar tashin hankali, sai aka ce masa ba a taɓa shi ba, ya rasa da wa zai yi faɗan. Ya ce, "Ni a tasha nake wuni, babu irin maganar da ban ji ba. Gaskiya ne tana sa zazzaɓi?"

Ta ce, "Tana iya sawa, kwana ɗaya ko biyu. Wurin ma yakan ɗan kumbura."

"An ce tana hana haihuwa."

Nan na shiga. Na ce, "Malam, dube ni da kyau. Da hannunta marigayiya ta yi min duk allurar da ake yi. Bakwai na haifa, wannan ce ta fari." Maman Yara ta ce, "Da ta hana ma da Alhajinta ya huta." Ya yi dariya har da tafa cinya, sannan ya kama kansa.

Ya ce, "To in wani abu ya same shi fa? Wa zan riƙe?"

Tambayar da ta hana yarinya sukuni wata huɗu ke nan, yau ga ta daga bakin mai haƙƙi.

Ta ce, "Abu mai tsanani ba kasafai yake faruwa ba, amma ba zan rantse maka babu shi ba. Shi ya sa muke zaunar da yaro a gabanmu bayan an yi, kuma muna da maganin gaggawa a kusa. Ni zan yi, sunana ne zai hau katin, ka kuma san gidanmu yanzu. Ita ƙyandar da nake jiye masa, ba ta da gidan da za ka je ka same ta. In ka ce a'a, wallahi ba zan taɓa shi ba. Amma zan dawo in sake tambayarka."

Ya ce, "Sau nawa?"

Maman Yara ta ce, "Kada ka so ka sani."

Sai muryar matar ta fito daga bayan labule, ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Ni dai ina so a yi. Ƙanina ƙyanda ce ta makantar da shi, ina gani." Mijin ya waiga ya kalli labulen kamar yau ya fara ganin sa. Sannan ya ce mana zai yi tunani, ya gode da lemo. Ba mu samu fiye da haka ba.

A hanyar dawowa ba mu yi magana ba, don ba mu saba ba, ni da ita. Sai da muka kusa gida ta ce, "Umma, in bai zo ba fa?" Na ce, "In bai zo ba kin tambaya. Mu koma wata Lahadin."

Ranar Litinin ta kawo min wata takarda ta ce in duba mata. Amsar tuhumar ce, ba ta kai rabin shafi ba. Ta rubuta cewa ba ta yi allurar ba domin babu wanda ke da iko da yaron da ya ba ta izini, ta je har gida ta nema, kuma haka za ta ci gaba da yi. Ban tambaye ta ina ɗaya takardar ba, ita ma ba ta faɗa min ba.

Masu cewa Goggo ta bar yarinya cikin rigima, ban ƙaryata ku ba. Takardar tuhumar nan tana cikin fayil ɗinta har yau da nake rubutun nan, bayan an yi arba'in, ba a janye ba. Ita kuma yarinya ta zauna a aikinta. Layin Talata har yanzu ba ya gudu, har yanzu ana tsaki. Amma ku sani, ba za mu ba da haƙuri a kan wannan ba, ni da 'yata. Tsohuwar da kuke kira mai taurin kai ta ɗauki yaran wani ƙauye a zuciyarta shekara arba'in saboda tambaya ɗaya da ba ta yi ba, ba ta kuma yarda jikarta ta ɗauki irin wannan kaya ba. Ya Allah, Kai da ba Ka ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, Ka sauke mata nata. Ka yafe mata kuskuren ƙuruciya, Ka haɗa ta da yaran da take kira da sunayensu, Ka sa mala'ikunKa su yi mata sallama kafin su shigar mata kabari, Ka yalwata mata shi.

Talatar da wa'adin takardar ya cika, na bi yarinya asibiti, abin da ban taɓa yi ba. Na zauna a benci cikin masu goyo. Ta miƙa wa oga amsarta, oga ta karanta a tsaye, ta linke ta sa a aljihu. Hantsi ya wuce, layi ya ragu, Maman Yara ta kai ta kawo sau uku tana leƙen hanya. Ana gab da kiran azahar, an fara tattara kaya, sai ga direban. Ya saɓo jaririn a kafaɗa kamar buhun lemo, matarsa na biye, tana riƙe da hannun babbar 'yarsu, 'yar kimanin shekara biyar, wadda ita ma ba a taɓa yi mata ba. Wata nas ta miƙa hannu za ta karɓi yaron. Ya ce, "A'a. Waccan sistar nake so, mai zuwa gida."

Daga inda nake ina hango su ta ƙofa. Ta yi musu bayani daga farko kamar ba ta taɓa yi ba, ta tambayi uban, ta tambayi uwar. Aka yi wa jaririn, ya tsala ihu. Da aka zo kan babbar, sai na ga 'yata ta tsuguna har idonsu ya daidaita, tana yi mata magana. Yarinyar ta daɗe tana kallon allurar, sannan ta naɗe hannun rigarta da kanta.

Aka ce su zauna a benci a ga yadda jikinsu zai yi. 'Yar ta zo ta zauna kusa da ni, tana danne auduga a damtse, hawaye shaɓe-shaɓe, tana jan majina. Ta ƙare min kallo ta ce, "Ke ce mamar Sista?"

Na ce, "Ni ce."

Ta ɗaga audugar ta nuna min wurin. Ta ce, "Ta ce min kamar cizon tururuwa ne. Ba tururuwa ba ce, kunama ce. Amma ni na ce ta yi."